Paul Broca: Likitan Da Ya Gano Mazaunin Magana, Ya Ɓata Wajen Awon Kawuna

Duk wanda ya karanta likitanci, a Zariya ne ko a Yamai ko a Alƙahira, ya haddace sunan Broca tun a ajin farko-farko. Sunan wani ɗan yanki ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, can wajen gaba, wanda idan ya taɓu mutum yakan ji abin da ake faɗa masa, ya kuma gane, amma kalma ta ƙi fita daga bakinsa. Kaɗan ne cikin masu haddar suka san cewa mai sunan ya ƙarar da babban kaso na rayuwarsa a wata sana'a daban: tara ƙoƙunan kan matattu daga sassan duniya, da auna su, da jera 'yan Adam hawa-hawa, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya yi ayyukan nan biyu, da ƙwazo iri ɗaya. Na farkon yana nan da ransa har gobe, na biyun ya rushe.

Ɗan likita daga bakin kogi

An haifi Pierre Paul Broca ranar 28 ga Yuni, 1824, a Sainte-Foy-la-Grande, wani ƙaramin gari a bakin kogin Dordogne, gabas da Bordeaux a kudu maso yammacin Faransa. Gidansu 'yan Furotesta ne a ƙasar da Katolika suka fi rinjaye. Mahaifinsa likita ne wanda ya yi aikin fiɗa a rundunar Napoleon, mahaifiyarsa kuma 'yar mai wa'azin coci ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yana da shekara 17, a 1841, ya shiga makarantar likitanci ta Paris. Ya karɓi digirinsa na dakta a 1849, zuwa 1853 ya zama likitan tiyata a asibitocin birnin, yana kuma koyarwa.

Tun kafin ya cika shekara 35 ya yi suna. Yana cikin na farko-farkon da suka riƙa duba ƙwayoyin ciwon daji da madubin likita. A 1856 ya fitar da babban littafi kan kumburin jijiyar jini da yadda ake maganinsa. A 1857 ya auri 'yar Dakta Jean Lugol, mai ruwan aidin ɗin nan da har yau ake kira da sunansa a ɗakunan gwaji. A dangin matar ne ya lura da yadda sankarar mama ke bin mata daga kaka zuwa jika, ya rubuta labarin a 1866, fiye da ƙarni guda kafin a gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa hakan. Da a nan ya tsaya, da tarihi ya san shi a matsayin ƙwararren likita, shi ke nan.

Rigimar zomaye

Abin da ya karkatar da shi zomo ne. Wani mai kiwo a yankin Angoulême ya yi iƙirarin cewa ya haɗa zomon daji da zomon gida sun haihu, 'ya'yansu ma suna haihuwa. Broca ya je ya gani, ya gamsu. Maganar ta fi ƙarfin kiwo. Masanan zamanin sun kasu biyu kan asalin ɗan Adam. Wasu, irin su Armand de Quatrefages, sun tsaya a kan cewa tsatso ɗaya ne, kamar yadda littattafan addini suka faɗa, hujjarsu kuwa ita ce duk jinsunan mutane suna aure suna haihuwa da juna. Wasu kuma suka ce kowane launi da nasa asalin. Broca yana cikin na biyun. Idan dabbobi biyu mabambanta za su iya haifar zuriya mai ɗorewa, a ganinsa hujjar masu tsatso ɗaya ta faɗi.

A 1858 ya fara karanta bincikensa a gaban Ƙungiyar Nazarin Halittu ta Paris. Bai kai ƙarshe ba shugaban ƙungiyar, Pierre Rayer, ya roƙe shi ya dakata, don tsoron fushin coci da na gwamnati. Broca ya tattara takardunsa ya fita, ya ƙudura kafa tasa ƙungiyar. Daga baya masana sun tabbatar cewa zomon daji da na gida ba sa haihuwa da juna. Wato ginin ya fara ne a kan kuskure.

Ranar 19 ga Mayu, 1859, mutum 19, akasarinsu likitoci, suka yi zaman farko na Ƙungiyar Nazarin Ɗan Adam ta Paris. Zamanin Sarki Napoleon na Uku ne, taron da ya wuce mutum 20 sai da izinin hukuma. An bar su su zauna bisa sharaɗin ba siyasa, ba addini, aka kuma sa musu ɗan sandan farin kaya da ya shekara biyu yana zama a cikinsu yana kai rahoto. Broca ya zama sakatare, ya riƙe ragamar ƙungiyar har mutuwarsa.

Majinyacin Bicêtre

A farkon 1861 muhawara ta yi zafi a ƙungiyar. Tambayar ita ce: shin ƙwaƙwalwa gaba ɗayanta take aiki a dunƙule, ko kowane sashe da nasa aikin? Wani likita mai suna Ernest Auburtin, surukin Jean-Baptiste Bouillaud wanda ya daɗe yana wannan da'awa, ya ce magana a gaban ƙwaƙwalwa take. Ya ɗauki alkawarin janye ra'ayinsa idan aka kawo masa wanda ya rasa magana alhali gaban ƙwaƙwalwarsa lafiya lau.

Bayan 'yan kwanaki aka kawo wa Broca wani majinyaci a asibitin Bicêtre, ƙafarsa ta dama ta ruɓe. Sunansa Louis Victor Leborgne, shekararsa 51. Yana da farfaɗiya tun ƙuruciya, magana ta ɗauke masa yana ɗan shekara 30. Duk abin da aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce, “tan, tan”, har mutanen asibitin suka laƙaba masa Tan. Sai in ransa ya ɓaci ashar guda ke kuɓuce masa. Bayan shekara goma hannun dama ya shanye, ƙafa ta biyo baya.

Broca ya duba harshe da maƙogwaro, ya ga ba abin da ya same su. Ya tambaye shi shekara nawa ya yi a Bicêtre. Mutumin ya buɗe tafin hannunsa na hagu sau huɗu, ya ƙara yatsa ɗaya. Ashirin da ɗaya, kuma haka yake a rajista. Hankali na nan, lissafi na nan, kalma ce kawai ba ta fita.

Leborgne ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1861. Washegari Broca ya ajiye ƙwaƙwalwarsa a gaban 'yan ƙungiyar. A ɓangaren hagu, wajen gaba, akwai rami cike da ruwa wanda ƙwan kaza zai shige. Broca bai yayyanka ta ba. Ya sa ta a kwalba yadda take, don na baya su gani da idonsu. Kafin shekarar ta ƙare aka samu na biyu, wani tsoho ɗan shekara 84 mai suna Lazare Lelong, wanda kalmomi biyar kacal suka rage masa, rauninsa kuma a wuri ɗaya da na Leborgne.

Duk da haka Broca bai yi gaggawa ba. Likitocin lokacin sun ɗauka cewa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa aiki ɗaya suke yi, shi ma haka ya ɗauka. Ya ci gaba da tara majinyata, kusan kowane rauninsa a hagu. Sai a 1865 ya fito fili ya ce da ɓarin hagu mutum yake magana. Wani likitan karkara, Marc Dax, ya riga ya rubuta irin wannan tun 1836, amma takardarsa ba ta yaɗu ba, sai ɗansa Gustave ne ya fito da ita daga baya. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya gano wani yankin da ke kula da fahimtar magana. A 2007 masu bincike suka saka ƙwaƙwalen Leborgne da Lelong a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, suka ga raunin ya nutsa ciki fiye da yadda Broca ya iya gani. Sun samu damar gyara masa ne saboda ya bar musu shaidar a kwalba.

Irin wannan nutsuwa ya nuna a 1867, lokacin da wani Ba'amurke, Ephraim George Squier, ya kawo masa ƙoƙon kai daga Peru mai huji murabba'i. Likitoci da yawa ba su yarda cewa mutanen da Turawa ke kira jahilai za su iya fiɗar kan mai rai ba. Broca ya duba bakin hujin, ya ga alamun da ƙashi mai rai kaɗai ke nunawa, ya ce tiyata ce, kuma majinyacin ya rayu kwanaki bayanta. Da aka tono irin waɗannan ƙoƙuna na zamanin dutse a Faransa, ya ɗauki fasasshen gilashi ya gwada kankare ƙoƙon gawa da kansa: na yaro 'yan mintoci, na babba kusan awa guda.  A 1871 ya huda kan wani majinyaci a daidai inda ciwon maganarsa ya nuna, ya tarar da mugunya a wurin. Mutumin bai rayu ba, amma hanyar ta buɗe.

Ɗakin ƙoƙuna

A waɗannan shekarun ne kuma yake gina ɗaya sana'ar. Ya ƙera kayan awo iri-iri: na faɗin kai, na kusurwar fuska, na zana siffar ƙoƙo a takarda. In zai auna cikin ƙoƙon kai, sai ya kife shi, ya ɗura ƙananan ƙwayoyin dalma ta ramin da laka ke bi, ya danna da sanda har ya cika, sannan ya juye a gwangwani mai lamba. Ya shafe watanni yana gwada girman mazurari da saurin zubawa, don duk wanda ya auna ya samu lamba ɗaya. A 1865 ya buga littafin jagora ga matafiya da likitocin jiragen ruwa, da allon launuka masu lamba, 20 na ido, 34 na fata da gashi, domin mutum ya kara allon a jikin wanda ya tarar ya rubuta lamba.

Ƙoƙuna suka riƙa shigowa. Wasu daga tsofaffin maƙabartun Paris, wasu daga wata maƙabartar mutanen Basque a Sifaniya, wasu daga Aljeriya da Senegal da tsibiran teku, a hannun sojoji da likitocin mulkin mallaka. Ba wanda ya nemi izinin masu gawa. Janar Louis Faidherbe, tsohon gwamnan Senegal, ɗan ƙungiyar ne, har ya shugabance ta a 1874. A 1877, da aka kawo mutanen Nubiya daga Sudan ana nuna su ga 'yan kallo a wani lambun dabbobi na Paris, 'yan ƙungiyar suka je da ma'aunansu.

Waɗanda suka sake bin lissafin Broca, ciki har da Ba'amurke Stephen Jay Gould a littafinsa na 1981, sun shaida cewa ba ya ƙarya a lamba. Matsalar tana wajen fassara. Tun 1861 ya bayyana matsayinsa: ƙwaƙwalwar namiji ta fi ta mace, ta fitaccen mutum ta fi ta talaka gama-gari, ta jinsin da ya kira maɗaukaki ta fi ta wanda ya kira maƙasƙanci, girma kuma shi ne hankali. Daga nan duk lambar da ta zo sai an lanƙwasa ta ta bi wannan layin.

Abokin muhawararsa, Pierre Gratiolet, ya kawo alƙaluman da ke nuna ƙwaƙwalwar Jamusawa ta fi ta Faransawa nauyi da kusan giram 100. Broca ya zauna ya yi ragi: Jamusawan sun fi girman jiki, Faransawan da aka auna sun fi tsufa, da yawan Jamusawan mutuwar farat-ɗaya suka yi ba doguwar jinya ba. Bai tashi ba sai da tazarar ta ɓace. Gyaran nan daidai ne a ilimance. To amma da ya auna ƙwaƙwalen maza 292 da mata 140 a asibitocin Paris, ya samu matsakaicin giram 1,325 ga maza da 1,144 ga mata, bai yi wa matan irin wannan ragin ba. Ya san sun fi ƙanƙantar jiki, ya ambata ma, sai ya ce hakan ba zai bayyana tazarar duka ba, tunda an riga an san mata ba su kai maza hankali ba. Abin da ya fito aunawa shi ya mayar hujja. Kamar mai awon hatsi ne da mudunsa ba algus, amma in ɗan gida ya zo ya yi masa tozo, in baƙo ne ya shafe bakin mudun.

Haka ya yi da jinsuna. Da ya ga ƙoƙunan mutanen Eskimo da wasu al'ummun Asiya sun fi na 'yan Paris girma, sai ya ce girman kai ba ya tabbatar da fifiko, amma ƙanƙantarsa tana tabbatar da ƙasƙanci, don haka awon yana nan daram a kan baƙar fata. Da wani awon ƙashin hannu ya sa baƙar fata kusa da biri, ya karɓa. Da wani awon ya sa Bature a wannan matsayin, ya ajiye shi gefe. Tun 1836 Friedrich Tiedemann na Jamus ya auna ya ce bai ga bambanci tsakanin ƙwaƙwalwar Bature da ta baƙar fata ba. Broca ya zarge shi da shiga bincike da ra'ayin da ya riga ya ƙulla. Laifi tudu ne.

Ba za a ce mugu ne ba. Ya ƙi bautar da mutane, ya ce ko da asali ya bambanta ba hujja ba ce ta mallakar wani. Ya musanta masu cewa duk gaurayar jini lalacewa ce, ya nuna musu cewa Faransawa kansu gauraye ne. Wannan ne ma ya sa labarinsa ya fi ban tsoro: mai gaskiya ne da bai ga son zuciyarsa ba.

Yaƙi, makaranta, majalisa

A 1867 ya zama farfesa a tsangayar likitanci, ya kuma buɗe ɗakin gwajin nazarin ɗan Adam. Lokacin da Jamusawa suka yi wa Paris ƙawanya a 1870 yana cikin birnin yana yi wa masu rauni tiyata. A 1871, da 'yan tawayen Commune suka karɓe birnin, shi ya tsara fitar da dukiyar hukumar asibitoci, faran miliyan 75, a ɓoye ƙarƙashin lodin dankali a keken doki, aka kai ta Versailles. A 1872 ya kafa mujalla, a 1876 ya buɗe Makarantar Nazarin Ɗan Adam, jaridun Katolika suna ta yi masa ruwan zagi suna kiransa mai lalata matasa. A 1878 ya bayyana wani zobe na ƙwaƙwalwa da ya danganta da jin ƙamshi, wanda daga baya aka gane yana da hannu a motsin rai da tunawa.

A Fabrairun 1880 aka zaɓe shi sanata na tsawon rayuwa. Aikin da aka ba shi a majalisar dattawa shi ne rahoto kan dokar buɗe makarantun sakandare na gwamnati ga 'yan mata, kuma ya goyi bayanta, shi da ya rubuta cewa ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba. Bai ga zartar da dokar ba. Ya rasu kwatsam ranar 9 ga Yuli, 1880, yana da shekara 56. Almajiransa suka cire ƙwaƙwalwarsa suka ɗora a sikeli: ta ɗan ɗara matsakaici, ta yi nesa da giram 1,830 na masanin halittu Georges Cuvier. A 1924 aka auna ta marubuci Anatole France, mai lambar Nobel, aka samu giram 1,017.

Waɗanda suka rushe ginin

Rushewar ta fara daga cikin gida. Almajirinsa Léonce Manouvrier ya sake lissafin mata, ya sa girman jiki a ciki, ya ce hukuncin da aka yanke musu zalunci ne. A 1884 wani lauya baƙar fata daga Haiti, Anténor Firmin, ya zama ɗan ƙungiyar da Broca ya kafa. Ya zauna yana sauraron masana suna bayanin ƙasƙancin irinsa, shi kuma ana kallonsa. A 1885 ya fitar da littafi mai kauri kan daidaiton jinsunan 'yan Adam, ya bi teburan Broca da na magajinsa Paul Topinard ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda lambobin ke cin karo da juna. Masanan Paris suka yi kamar ba su gani ba. Sai a shekarar 2000 aka fassara littafin zuwa Ingilishi.

A shekarar 1885 ɗin ce ɗan siyasa Jules Ferry ya tsaya a majalisar Faransa yana kare mamaye ƙasashe da cewa jinsuna maɗaukaka suna da hakki a kan na ƙasa da su. Ɗan majalisa Georges Clemenceau ya mayar masa da cewa ya daina yarda da irin wannan magana tun da ya ji masanan Jamus suna kafa hujjar kimiyya cewa Bafaranshe yana ƙasa da Bajamushe. Ra'ayin Ferry ne ya yi tafiya, kuma a inuwarsa sojojin Faransa suka iso Damagaram da Tafkin Chadi kafin ƙarnin ya ƙare. Broca bai aika soja ko ɗaya ba, amma teburansa sun ba masu aikawa abin fakewa.

Wajen 1911 Franz Boas ya auna dubban baƙin da suka yi ƙaura da 'ya'yansu a New York, ya ga siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta sauya daga ta iyayensu. Abin da aka ɗauka tambarin jinsi ne da ba ya gogewa, ashe abinci da muhalli suna taɓa shi. Ilimin ƙwayoyin gado na ƙarni na 20 ya ƙarasa aikin: tsatson 'yan Adam ɗaya ne, daga Afirka, kuma bambancin da ke tsakanin mutanen al'umma guda ya fi wanda ke tsakanin al'umma da al'umma yawa.

Ƙoƙunan da Broca ya tara sun koma gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, cikin dubban wasu. Daga wannan gidan aka mayar da gawar Sarah Baartman, matar da aka riƙa nunawa ga 'yan kallo a Turai, zuwa ƙasarta Afirka ta Kudu a 2002, aka mayar da ƙoƙuna 24 Aljeriya a 2020. Sauran suna nan a cikin akwatuna. Wasu daga dabarun awonsa ma suna nan, likitocin binciken gawa da masu tonon kufai suna amfani da su wajen gane ƙashin namiji ne ko na mace. Sunansa yana cikin sunaye 72 da aka zana a jikin hasumiyar Eiffel.

A gaban gadon Leborgne, Broca bai san amsa ba, ya jira shekara huɗu shaida ta taru, har ta kai shi inda bai zata ba. A ɗakin ƙoƙuna kuwa da amsarsa ya shiga, ma'auni ya zama ɗan aike. Don haka, mai karatu, duk ranar da wani ya zo maka da alƙaluman da ke ɗora wata ƙabila, ko wani launi, ko maza, a kan wasu, kada yawan lambobin ya rufe maka baki. Tambaye shi wa aka yi wa ragi, wa aka hana, kuma wane awo aka ajiye gefe don bai ba da amsar da ake so ba.